Yadda ake gano mai alhaki idan tayar babbar mota ta fashe ta jawo hatsari

Na shafe shekaru ina wakiltar masu tireloli a Kano, kuma duk direban da ya tashe ni da waya cikin dare maganarsa kusan ɗaya ce: "Oga, taya ce ta fashe, tsautsayi ne." Haka ne, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai dai ɗan sanda da kamfanin inshora da alƙali duk sai sun ƙara tambaya guda: me ya fasa ta? Amsar wannan tambaya ce ke nuna wanda zai biya, kuma yawanci a jikin tayar take a rubuce, in dai an same ta.

Ni ba lauya ba ne, aikin ne ya koya mini. Na rubuta wannan don wanda aka damƙa wa kula da motoci kwanan nan, amma wanda tirela ta yi wa ɓarna ma hanyar da zai bi ke nan.

Kayan aiki

A bayan motata akwai jaka da ba ta sauka. A cikinta akwai tocila mai ƙarfi, tef ɗin awo, alli da fentin fesawa, buhuna uku da igiya, littafi da biro, abin cajin waya, da gejin iska na manyan motoci. Na ƙananan motoci ba ya kai iskar tirela, kada ka ɗauko shi.

Sai takardu, kwafi ɗaya a mota, ɗaya a ofis: lasin direba (na tirela ajin G ne), takardar mallakar mota, takardar lafiyar mota ta VIO (jami'an duba lafiyar motoci), takardar inshora, takardar kaya, tikitin sikeli in an auna lodin, rasidin kowace taya, da littafin gareji inda ake rubuta ranar da aka ɗaura taya da ranar da aka duba iskarta. Biyun ƙarshen nan su ne aka fi rasawa, kuma su ne suka fi ceto. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ba ka da geji, kira mai faci mafi kusa ya auna a gaban ɗan sanda, kai kuma ka ɗauki bidiyo. In ba tef, ƙirga taku, ka ajiye takalmi ko gorar ruwa kusa da abin da kake ɗauka don a gane girmansa.

1. Rai tukuna

A kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, FRSC. A sa alamun gargaɗi nesa da mota ta gaba da ta baya, a kai waɗanda suka ji rauni asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa. In tanka ce, a kori mutane nesa, wanda ya ji yadda tankar mai ta kama da wuta ta hallaka jama'a a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024 ba ya buƙatar a yi masa bayani.

In jama'a sun fusata, direba ya tafi ofishin 'yan sanda mafi kusa ya miƙa kansa. Wanda ya tsere zuwa garinsu ya ƙara wa kansa laifi, ya kuma ɓata wa maigidansa shari'a.

2. Ɗauki hoton wurin kafin janwe ya iso

Kuskuren sabon shiga shi ne ya tsaya yana ɗaukar motar da ta kife. Motar ba za ta gudu ba. Abin da zai ɓace kafin gari ya waye shi ne abin da ke kan kwalta. Koma baya ta inda motar ta fito, ka yi tafiya mai nisa a ƙasa, ka nemo guntun roba na farko. Daga nan ka fara ɗauka, kana tahowa kana zagaye kowane guntu da alli, kana auna nisansa zuwa inda aka yi karon.

Dalilin wannan wahala shi ne gardamar farko da za a yi: tayar ce ta fashe ta jawo hatsarin, ko kuwa karon ne ya fasa tayar? Direban da barci ya sace, ko ya yi ganganci wajen wuce mota, shi ma "taya ce" zai ce. In tayar ce ta fara, za ka ga guntayen roba, da baƙin layi mai karkace-karkace, wani lokaci da kartar ƙarfen wili a kan kwalta, tun kafin wurin karon. In babu komai sai a wurin karon, to maganar ta canza.

Ka ɗauki rami ko ƙarfe ko dutsen da ke kan hanyar, da lodin yadda yake, da agogon gudu. Ka karɓi sunaye da lambobin mutum biyu ko uku da suka gani da ido, musamman masu shago ko gona a wurin, don matafiyi ba ya samuwa. Hotunan kuma ka bar su a wayar da ta ɗauka. Dokar shaida ta 2011 ta yarda da hoton waya, amma lauya zai haɗa da takardar bayanin na'urar da ta ɗauka, kuma wanda aka tura ta WhatsApp ya kan rasa kaifinsa da bayanan ranarsa.

3. Kama tayar

Nan ne aka fi yin asara. Na taɓa zuwa wani hatsari a hanyar Zariya zuwa Funtuwa da hantsi, na tarar yaron mota ya riga ya ɗaura safaya, tsohuwar kuma ya bar wa mai faci a bakin kuɗin aiki. Kafin mu gano mutumin ya sayar wa masu yin guga da takalmi. Tayar ba ta fi wata biyu a mota ba, muna da rasidi, muna zargin dila, amma ba abin nunawa. Mu muka biya komai.

Kafin a kwance ta, ka rubuta a jikinta da fenti lambar mota, da gatarin da take, dama ko hagu, ciki ko waje. Ka tattara guntayen a buhu. Kada a raba ta da wilinta, kada a wanke, kada a yanka. In 'yan sanda za su riƙe ta a matsayin shaida, wannan haƙƙinsu ne, amma ka tabbatar an rubuta ta cikin kayan shaida da lambobin jikinta, ka ɗauki hotonta ta kowane ɓangare.

Ka kama abokiyar zamanta ma. Tayoyin baya bibbiyu suke, kuma sau da yawa wadda ta fashe ba ita ce mai laifin ba. Ta kusa da ita ce ta sace iska tun daga nesa, ta bar mata nauyin biyu. Auna iskar duk sauran tayoyin ka rubuta, ka kuma rubuta ko da zafi ka auna, don taya mai zafi takan nuna fiye da abin da aka ba ta.

In kai ne aka yi wa ɓarna kuma tayar tana hannun mai mota, lauyanka ya rubuta masa takarda tun a makon farko cewa a adana ta. Kai kuma wakilin mai mota, ko da ka ga tayar za ta tona muku asiri, kada ka ɓoye ta. Kotu tana da damar ɗaukar cewa shaidar da mutum ya ɓoye da ta fito da ta kayar da shi.

4. Karanta abin da ke jikinta

Fara da shekarunta. A gefen tayar, a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. FRSC tana lissafa wa taya wa'adin shekara huɗu ne daga ranar ƙira. Ranar da ka saya ba ta shiga lissafi, don haka taya tana iya tsufa a shagon dila da ledarta. In ka ga an kankare lambar ko an sake buga ta, ɗauki hoto da kyau.

Sai nauyin da aka yi ta don shi. A tayar 315/80R22.5 da ta cika hanyoyinmu za ka yawaita ganin 156/150. Ma'anarsa kilo 4,000 in ita kaɗai ce, kilo 3,350 in bibbiyu ne. Ke nan gatari mai taya huɗu iyakarsa kilo 13,400, shi ma sai in iskar ta cika yadda aka rubuta a gefenta, wajen 120 zuwa 130 a gejin masu faci. Ɗauko takardar kaya ka yi lissafi. In ba a hau sikeli ba, ƙirga buhuna: buhun siminti 900 tan 45 ne, ban da nauyin motar kanta.

Sannan yadda ta fashe. Wadda ta yi tafiya da ƙarancin iska ko nauyi fiye da ƙima zafi ne ke cinye ta: cikinta ya kan yi tamoji-tamoji ya sauya launi, gefenta ya tsage a zagaye, wayoyi su fito a jere. Wadda ta daki rami ko dutse a wuri guda take karyewa, sau da yawa da lanƙwasa a bakin wili daidai wurin. Tsohuwar da aka liƙa wa sabon baya takan yar da bayan nan zankal kamar ɓawon ayaba. Duba tsohon faci, musamman a gefe, inda bai kamata a yi faci ba sam. Duba ko ta suɗe an sake tsaga mata zane da wuƙa har an taɓa waya. Bakin taya da ya ƙone kuma yakan nuna birki ne ke riƙewa yana gasa wili.

Wannan karatun naka don ka san inda ka dosa ne. Wanda kotu za ta saurara shi ne jami'in VIO ko injiniyan da ya duba ya sa hannu.

5. Rahoton hukuma

Sashen haɗurra na 'yan sanda zai zana taswirar wurin, ya gayyaci VIO ya duba motocin. Ka kasance a wurin. Kada ka sa hannu a taswirar da ba ta nuna inda guntayen taya suka fara ba, ka roƙi a ƙara cikin ladabi. Direba ya faɗi abin da ya faru kawai, in bai iya karatu ba a karanta masa da Hausa kafin ya dangwala. Daga baya ka nemi kwafin rahoton 'yan sanda da na VIO, da na likita, da takardar shaidar rasuwa in an yi rashi.

Shari'a biyu ce ke iya tasowa. Ta laifi tsakanin hukuma da direba ce, kan tuƙin ganganci ko jawo mutuwa. Ta diyya kuwa tsakanin waɗanda aka cutar ce da duk mai hannu. Sallamar direba a ta farko ba ta rufe ta biyu.

6. Sanar da inshora a rubuce

A ranar, ko washegari. Amma fara danna *565*11# ka tabbatar takardar tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Na sha ganin takardar da aka haɗa wa mai mota a gindin bishiya tare da sabunta lamba, sai ranar hatsari ya gane kwali ya saya.

Tun daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa inshorar dole ta motar dakon kaya a kan naira 100,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wasu har naira miliyan biyar. Rauni da rasa rai ba a yanke musu wannan iyaka ba. Miliyan biyar kuwa yau ba ta sayen ƙaramar motar kirki, abin da ya haura daga aljihun mai mota zai fito. Wannan inshora ba ruwanta da motarka, ba ruwanta da kayan da ka ɗauko, su nasu daban ake yanka. Direba da yaron mota kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ce ta shafe su, ta hannun asusun inshorar ma'aikata, NSITF, in an yi musu rajista.

Kada ka rubuta wa kowa "mun amsa laifi", kada ka yanke adadin diyya kafin kamfanin ya sani, don zai iya zame jiki da wannan. Biyan kuɗin asibiti da zuwa ta'aziyya ban taɓa fasa su ba, sai dai ina karɓar rasidi.

7. Jera masu hannu, ɗaya bayan ɗaya

Direba. Ya duba tayoyi kafin ya tashi? Gudun nawa yake yi? Iyakar tirela da tanka a babbar hanya mai tagwayen layi kilomita 60 ce a awa. Da ta fashe me ya yi? Ƙa'ida ita ce a riƙe sitiyari da hannu biyu, a sassauta totur a hankali, a bar birki sai mota ta daidaita. A hatsarin da ya kashe ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris, 2016, rahoton FRSC ya ambaci gudu da taka birki da ƙarfi bayan tayar baya ta fashe. Jif ce wannan, to ina ga mota mai tan arba'in.

Mai mota. Shi ta hanya biyu ake kama shi. Ta farko, sakacin da direba ya yi a bakin aiki na maigidansa ne, ko yana barci a gida lokacin. Ta biyu, nasa sakacin: ya sayi taya gwanjo, ko direba ya yi ƙorafi ya ce a lallaɓa a yi sawu ɗaya. Saƙon murya irin wannan na nan a wayar direba, kuma ranar da kuka ɓata zai fito.

Akwai wata shari'ar Ingila da lauyoyinmu ke yawan jawowa, ta Barkway da kamfanin bas na South Wales Transport, wadda kotun ƙolinsu ta yanke a 1950. Tayar bas ta fashe, motar ta gangara, fasinja ya mutu. An gano tayar ta taɓa dukan wani abu da ƙarfi ta karye ta ciki, abin da ba a gani daga waje. Kamfanin ya nuna yana da ƙwararru masu duba taya a kai a kai, amma duk da haka ya faɗi, saboda bai umarci direbobinsa su riƙa kawo rahoton irin wannan duka ba. Mota ba ta barin hanyarta haka kawai, don haka in ta bari, mai ita ne zai kawo bayanin kulawar da ya yi. Tun da na ji wannan na ƙara shafi a littafin gareji: "Ka faɗa rami a wannan sawun? Wace taya?" Kada kuma ka zauna ka cike littafin wata shida da biro ɗaya bayan hatsari. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma lauyoyi sun san wannan wasan.

Ka kuma tantance wane ne mai motar. Sau da yawa kan tirelar na wani ne, bodi na wani, ko motar tana hannun direba a kan biya sannu-sannu, ko wani kamfani ya ɗauke ta haya da direbanta. Tambayoyin su ne: a kan kai tayar take ko a bodi, wa ke sayen taya bisa yarjejeniya, wa ke ba direba umarni?

Mai kaya da ɗan kamasho. In sun ƙara lodi suka rubuta ƙasa da shi, suna da kaso. In da sanin direba aka yi don a raba rarar, to ta dawo gida.

Dila da mai ƙira. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a 2008, daga waje tayoyinmu ke zuwa, kuma kai ƙarar kamfanin da ke wata nahiya ba aikin mai mota uku ba ne. Wanda hannunka zai kai gare shi shi ne dila da mai shigowa da ita. Dokar kare masu saye ta 2018 ta ɗora musu alhakin kaya mai aibu, kana iya kai kuka hukumar kare masu saye, FCCPC, ko hukumar kula da ingancin kaya, SON, in jabu ce. Amma sai da rasidi mai ɗauke da lambobin tayar. Rasidin da aka rubuta "taya 4" ba ya nuna komai.

Mai faci da hukumar hanya. Na farko ko an kama shi ba shi da abin biya. Ta biyu kuwa, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara, haka ma in motar gwamnati ce ta yi ɓarnar. A ga lauya a makon farko.

Waɗanda suka hau kan kaya. Wannan ciwonmu ne a Arewa, mutane a saman buhuna ko shanu. Inshorar motar kaya yawanci ba ta ɗaukarsu. A shari'ar Jarmakani Transport da Abeke ta 1963, kotun ƙoli ta wanke kamfanin saboda ya hana direbansa ɗaukar fasinja, har an rubuta a jikin motar. Ka rubuta wannan hani, direba ya sa hannu, kuma ka tabbatar ana bi.

Wanda aka cutar ma in yana da nasa sakacin, kamar ya yi fakin a kan kwalta da dare ba fitila, kotu takan rage masa diyya gwargwadon kasonsa.

8. Lissafa asara da takarda

Kuɗin asibiti, gyaran mota, kayan da suka lalace, kwanakin da motar haya ta yi ba aiki: kotu ba ta ba da waɗannan sai an kawo hujjar kowanne. A tara rasidai a fayil guda tun ranar farko. Raɗaɗi da nakasa alƙali ne ke ƙiyasta su bisa rahoton likita. In an yi rashi, a rubuta waɗanda mamacin ke ciyarwa da abin da yake samu.

9. Sulhu ko kotu

Mafi yawan waɗanda na halarta a zaure aka gama su, da shugabannin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, ko na ƙungiyar direbobi, da mai unguwa da liman. Ba laifi, ya fi sauri. Sharaɗi dai a rubuta: wa ya biya, nawa, a kan me, wa ya karɓa, da shaidu, da yardar kamfanin inshora in shi zai biya. A Kano akwai sashen sulhu na Babbar Kotu, wanda in an daidaita a can alƙali ya sa hannu, takardar ta zama hukunci.

Sau da yawa dangin mamaci sukan ce sun yafe, sun bar wa Allah. Allah Ya saka musu. Amma ni nakan tambaya ko ya bar ƙananan yara. Diyyar kisan kuskure, wadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ambata, haƙƙin magada ce, ana raba ta kamar gado. Baffa yana iya yafe nasa kason, na maraya kuwa a tambayi malami kafin wani ya buɗe baki. Na ga an yafe a ranar uku cikin kuka, bayan shekara matar ta dawo da yara huɗu ba abin sa wa a baka. Kaffarar azumin wata biyu a jere kuma tsakanin direba da malaminsa ne. Sulhun nan bai isa shi kaɗai ya kashe tuhumar laifi ba, sai mai gabatar da ƙara da kotu sun amince.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Wa'adin shigar da ƙara ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kada a bari "za mu zauna" ta cinye shi. Lauya ya sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa an shigar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa.

Tayar kuma tana sito a kulle, nesa da rana da ruwa, da wilinta da buhun guntayenta, har sai lauya ya ce an rufe fayil. Akwai wadda ke wurina yanzu shekara ta uku ke nan. Maigadi ya roƙe ni ita sau biyu, wai zai yanka ya yi wa tumakinsa wurin shan ruwa.